Idan injin CNC na aji ya ƙi bin zane: yadda malami zai bi sawun matsalar

Injin CNC, watau injin yanka da kwamfuta ke tuƙawa, idan na koyarwa ne ya fi na kasuwa shan wahala. Na kasuwa hannu ɗaya ko biyu ke taɓa shi, na aji kuwa ɗalibi talatin ne, kowa da filasharsa, kowa da abin da ya danna bai faɗa ba. Wannan jagora ta malamai ce da masu gida da ke koyar da yara a Kumasi, daga ɗakunan aikin makarantun fasaha har zuwa shagunan Suame Magazine da na masu katako a Sokoban, inda ƙananan injuna irin 3018 da 6040 da 6090, da manyan 1325 na yankan allo, suka fara zama ruwan dare.

Kafin wuƙa ta taɓa katako, aiki kan bi ta hannu shida: zane, manhajar CAM da ke fitar da hanyar wuƙa, tafintan da ke mayar da hanyar zuwa G-code, yaren umarnin da inji ke ji, wanda a manhajoji ake kira post processor, waya ko filashar da ke kai fayil, kwanturola, sai ƙarafan injin kansa. Kusan kullum hannu ɗaya ne ke da laifi. Abin da ke ɓata wa mutane yini shi ne su taɓa uku a lokaci guda, su sake saitin kwanturola, su sauya wuƙa, su sake zane, sannan ko aikin ya gyaru ba su san me ya gyara shi ba. Abu ɗaya ake canzawa, a gwada, a rubuta.

Fara da fayil ɗin da ka san lafiyarsa

Kowane inji ya samu fayil ɗin gwaji da aka rubuta da hannu, wanda bai bi ta CAM ba. Ga wanda ya isa:

G21 G90 G17 G54
G0 Z20
G0 X0 Y0
G1 X100 F500
G1 Y100
G1 X0
G1 Y0
G2 X0 Y0 I25 J0
M30

Murabba'i ne mai milimita 100, da da'ira mai faɗin milimita 50. Sa sifilin aiki, watau inda inji zai fara ƙirga awo, a wurin da murabba'in zai shige cikin tebur, bar wuƙa a sama, ka tura shi. Idan inji ya bi shi lami lafiya, to waya da kwanturola da motoci sun fita daga zargi, laifin yana can baya, a zane ko CAM ko tafinta. Idan ya tsaya ko ya yi gefe, kada ka ɓata lokaci kan zanen ɗalibi. Wannan gwaji na minti biyu yana raba matsalar gida biyu, shi ya sa muke farawa da shi ko da kuwa muna ganin mun riga mun san amsar.

Zanen da CAM ta ƙi karɓa

Idan manhaja ta ƙi zaɓar siffa domin yankan rami, ko ta yanke rabi ta bar rabi, layin a buɗe yake. A ido yana kama da rufaffe, amma in ka matso sosai za ka ga gibi a kusurwa. A manhajar VCarve akwai umarnin haɗa layuka, sa masa tazarar milimita 0.1 ya rufe. Kishiyar wannan ita ce layi biyu kwance a kan juna, wanda yakan fito daga kwafi da liƙi, sai inji ya bi wuri ɗaya sau biyu. Share ɗaya ka ga ko wani na ƙarƙashi.

Girman aiki in ya fito ba daidai ba, lissafin kuskuren ne zai gaya maka inda ya fito. Idan ya ninka ko ya ragu sau 25.4, inci da milimita ne suka cakuɗe, galibi wajen shigo da fayil ɗin zane na DXF, ko G20 na inci ya shiga inda ya kamata a ga G21 na milimita. Idan ya ƙaru da kashi ɗaya bisa uku ko ya ragu da kwata, fayil ɗin SVG ne: Inkscape na lissafi da ɗigo 96 a inci, Illustrator kuma da 72. Maganinsa shi ne kowane ɗalibi ya zana murabba'i mai milimita 100 a gefen zanensa, a auna shi bayan an shigo da fayil, kafin a yi komai.

Sai kusurwar ciki. Wuƙa mai faɗin milimita 6 ba za ta taɓa fitar da kusurwar ciki mai kaifi ba, dole ta bar lanƙwasa mai milimita 3. Yara da yawa kan ɗauka inji ne ya lalace idan haɗin akwatinsu ya ƙi shiga. Ba inji ba ne. A ƙara ɗan huji a kusurwar tun a zane, ko a koma ƙaramar wuƙa.

Hanyar wuƙa

A nan ne ake karya wuƙaƙe, don haka za mu daɗe.

Abu na farko shi ne sifilin Z, watau na hawa da saukar wuƙa. CAM na tambaya ko sifili yana saman kaya ne ko ƙasansa, watau saman tebur. Idan an zaɓi ƙasa a kwamfuta, sannan ɗalibi ya ɗora wuƙa a saman allon milimita 18 ya danna sifili, inji zai yi ta yankan iska milimita 18 sama da aiki. Wannan asara ce ta lokaci kawai. Idan aka juya, aka zaɓi sama a kwamfuta aka ɗauki sifili a tebur, wuƙa za ta nutse cikin tebur da saurin gudu. A aji, zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, ka rubuta shi da babban baƙi a jikin inji. Mu saman kaya muka fi so wa masu koyo, domin ido na ganinsa. Auna kaurin allon da ma'aunin kalifa (caliper) tukuna, allon da ake sayarwa da sunan 18 yakan zo 17 da ɗoriya, MDF kuma kan kumbura da damina a garin da ke da laima kamar Kumasi.

Na biyu, faɗin wuƙa. A kasuwa wuƙar milimita 6 da ta kwata inci, wadda ke milimita 6.35, suna zaune a akwati ɗaya, ido ba ya bambanta su. Idan kowane rami ya fi zane faɗi da 0.35, kowane yanki na waje kuma ya ragu da 0.35, ba ruwan inji, auna wuƙar. Kolet, watau abin da ke damƙe ƙafar wuƙa, shi ma haka: kada a matse ƙafar 6 a kolet na 6.35. Za ta kama kamar ta zauna, sai tana cikin aiki ta fara zamewa ƙasa, yanka ya riƙa ƙara zurfi a hankali har ta ci tebur. A danna kolet cikin notinsa har ya yi ƙara kafin a sa wuƙa, a kuma busa ƙurar da ke cikin tsagoginsa.

Na uku, sauri. Lissafi biyu ne kawai, kuma ya kamata su kasance a allon aji. Juyi a minti shi ne saurin yanka sau 1000, a raba da 3.14 sau faɗin wuƙa. Saurin tafiya kuma shi ne juyi sau yawan haƙora sau abin da kowane haƙori ke ɗauka. Wuƙar HSS mai milimita 6 da haƙora 4 a kan ƙarfe mai laushi, da saurin yanka na mita 25 a minti, tana ba da juyi kusan 1,300. Idan haƙori na ɗaukar 0.02, tafiya ta kama wajen milimita 105 a minti. A MDF kuwa, wuƙa mai haƙora 2 a juyi 18,000 da 0.1 ga haƙori tana son milimita 3,600 a minti. Nan ne ƙananan injuna ke gazawa: ba sa iya wannan gudu, sai ɗalibi ya rage tafiya zuwa 600 ya bar juyi yadda yake. Wuƙa ta daina yanka ta koma gugar katako, ta yi zafi, ta yi baƙi, gefen aiki ya ƙone. Idan ka rage tafiya, rage juyi tare da ita, ko ka sa wuƙa mai haƙori ɗaya. Dubi abin da ke fitowa: ɓarɓashi ake so, ba gari ba. Katakon wawa na da laushi, yana yafe kuskure. Katakon odum ba ya yafewa, a rage masa zurfi. A ƙaramin inji kada zurfin kowane zagaye ya wuce rabin faɗin wuƙa a katako, a alminiyam kuma a fara da milimita 0.3 zuwa 0.5 a ga yadda injin ke ɗauka.

Shiga cikin kaya ma akwai magana. Yawancin wuƙaƙen gefe ba a yi su domin huda kai tsaye ba. Sa manhaja ta shiga a karkace ko a murɗe, da kusurwa ta digiri 2 zuwa 3 a ƙarfe. Ka tabbata tsayin da wuƙa ke ɗagawa tsakanin yanka da yanka ya wuce kan maƙalan da suka riƙe aiki, domin gwajin cikin kwamfuta ba ya ganin maƙalin da ba a zana masa ba. A yankan da zai raba yanki da allo, bar 'yan gadoji huɗu masu faɗin milimita 6 da kaurin 2 ko 3, in ba haka ba yankin zai motsa a zagayen ƙarshe ya kama wuƙa.

Idan inji na tafiya yana tsattsayawa a kan lanƙwasa kamar mai sheshsheƙa, duba girman fayil. An matse tazarar kuskure fiye da kima, manhaja ta farfasa lanƙwasa zuwa dubban gajerun layuka da kwanturola ba ta iya haɗiyewa da sauri. Milimita 0.01 ta wadatar wa aikin aji, a manhajar Fusion kuma a kunna Smoothing domin ta mayar da su bakuna.

Wani abu da ake yawan mantawa: in an gyara zane, sai an sake lissafin hanyar wuƙa, an sake fitar da G-code. In ba haka ba tsohon aiki za a yanka.

Tafinta da yaren kowane inji

G-code ba yare ɗaya ba ne tsantsa. Fayil ɗin da kwanturolar Fanuc ta karɓa, kwanturolar GRBL na iya tofar da shi a layi na uku. Kowane inji da tafintansa, a rubuta sunan a jikinsa, a kuma cire sauran daga jerin da ɗalibai ke gani idan manhajar ta yarda.

A GRBL, error:20 na nufin umarnin da ba ta sani ba, mafi yawa M6 na sauya wuƙa, ko G43 da H, ko G81 na huda. Fitar da fayil daban ga kowace wuƙa, a kuma sa tafinta ya warware huda zuwa G0 da G1. Error:22 na cewa an ba da G1 ba tare da F, watau saurin tafiya, ba. Error:33 kan fito a kan G2 ko G3, idan ƙarshen baka bai dace da tsakiyarsa ba, yawanci saboda an rage lambobin bayan ɗigo. Ƙara su zuwa uku ko huɗu a milimita. Error:9 ba laifin fayil ba ne, inji na kulle cikin ƙararrawa, sai an yi $H, mai mayar da inji gida, ko $X, mai buɗe kulle.

A Mach3, manhajar da ke tuƙa inji daga kwamfuta, idan hoton hanyar wuƙa ya cika da manyan da'irori da babu su a zane, saitin IJ Mode ne a General Config. Mayar da shi Inc, ko a sa G91.1 a farkon fayil. Idan kuma aiki na tsayawa cak a layi na 500, manhajar ta gwaji ce, ba ta da lasisi. Irin wannan iyaka tana wasu wurare: Mastercam na koyo ba ya fitar da G-code, Fusion na amfanin kai kuma yana rage gudun G0 zuwa saurin yanka, ba ya kuma haɗa wuƙaƙe da yawa a fayil ɗaya. Makaranta ta nemi lasisin ilimi, wanda ake sabuntawa duk shekara.

A tsofaffin injunan Fanuc, ƙararrawa 010 umarnin G ne da ba a sani ba, 011 babu saurin tafiya, 020 baka bai rufu ba. Tarkon da ya fi haɗari shi ne ɗigo: a yawancin saiti X10 ba tare da ɗigo ba na nufin milimita 0.010, sai an rubuta X10. kafin ya zama goma. Lambar H ta tsawon wuƙa kuma ta dace da T, lambar wuƙar kanta, domin T2 da H1 na nufin inji na aiki da tsawon wata wuƙa daban.

Sai G28, umarnin komawa gida, da wasu tafintoci ke sawa a farko da ƙarshen fayil. A injin da ba shi da makunnan iyaka, ko wanda ba a mayar gida ba bayan kunnawa, gida shi ne duk inda kai yake lokacin da aka kunna wuta. Inji zai nufi can kai tsaye, ko da ta cikin aiki ne. Ko dai a riƙa yin $H kullum, ko a kashe G28 a saitin tafinta.

Kafin kowane fayil ya je inji, buɗe shi a CAMotics ko NC Viewer. Gwajin cikin CAM na nuna abin da manhaja ta yi niyya ne, waɗannan kuma suna nuna abin da tafinta ya rubuta.

Idan laifin na inji ne

Ɗaura biro ko wuƙa mai tsini, zana layin 100 da na 200, ka auna. Idan 100 ya fito 99.2, 200 ya fito 198.4, kuskuren na girma da tsawo, watau taku a milimita ne, $100 da $101 da $102 a GRBL. Motar taku 200 da direba a kan 16 da sukurun mai tazarar milimita 5 suna ba da 640. Idan aiki ya fito rabi ko ninki daidai, wani ya taɓa ƙananan makunnan da ke jikin direba. A injin bel ana iya gyara lamba da lissafi, tsohuwar lamba sau abin da aka nema a raba da abin da aka samu. A na sukuru kuwa lissafin ba ya ƙarya, in ya kauce kaɗan duba kofulin, mahaɗin mota da sukuru, kafin ka taɓa lamba.

Idan kuskuren ɗaya ne ko layin gajere ko dogo, kuma da'ira na fitowa da ɗan tudu a wurare huɗu, lako-lako ne. Ɗora agogon awo, tafi gaba milimita 1, dawo 1, abin da ya rage shi ne wasan. Ƙaramin sukurun da ke riƙe kofulin da sandar mota shi ne na farko da za a duba.

Idan kowane zagaye na gocewa gefe kamar matakala, mota na zubar da taku. Rage $110 zuwa $112 da $120 zuwa $122 da kashi 30 cikin 100, goge layukan tafiya a shafa mai, taɓa direba ka ji zafi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na toshe fankar akwatin kwanturola, direba ya yi zafi ya yanke na ɗan lokaci.

ALARM:2 na nufin fayil ya nemi wuce iyakar tebur, inji bai ɓata matsayinsa ba, matsar da sifilin aiki kawai. ALARM:1 makunnin iyaka ne ya taɓu, matsayi ya ɓace, sai an koma gida. Idan yana fitowa a tsakiyar tebur da zarar sifindil, motar da ke juya wuƙa, ya tashi, ko USB na yankewa a daidai lokacin, hayaniyar lantarki ce daga inbata, na'urar da ke sarrafa juyin sifindil. Raba wayar sifindil da wayoyin makunnai, kada su kwanta a bututu ɗaya. Sa wa sifindil waya mai rigar ƙarfe a haɗa rigar da ƙasa, wayar USB ta zama gajera, ƙasa da mita 2, mai ƙullin ferait. Sannan a sa mai lantarki ya auna ko ramin ƙasa na soket ɗin yana haɗe da wani abu, domin a shaguna da yawa rami ne kawai.

Kwamfutocin aji

Kwamfutar da ke tuƙa inji ba ta yin wani aiki. Ba intanet, ba cajin waya, ba kallo. Kashe mata barci, kashe USB selective suspend a saitin wuta, domin Windows kan kashe tashar USB a tsakiyar aikin awa biyu. Idan tashar COM ba ta bayyana ba, direban CH340 ne yawanci ya ɓace, saurin magana da GRBL kuma 115200 ne. Manhaja biyu ba sa riƙe tasha ɗaya, rufe ɗaya. Mach3 ta tsohuwar tashar firinta sai Windows mai bit 32. A mai 64 dole a sayi na'urar tsakani irin UC100. Windows 10 ta daina samun gyaran tsaro na yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025, wannan bai hana ta tuƙa inji ba muddin ba ta kan intanet, amma kwamfutocin zane su ne abin dubawa.

Yawancin kwamfutocinmu 'yan gwanjo ne, kuma suna zuwa da cuta biyu da ba a zato. Ta farko batirin CR2032 na cikin kwamfutar, mai riƙe agogo, ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, sai Fusion ta ƙi shiga, lasisi ya ƙi aiki, a yi ta zargin intanet. Dubi agogon kusurwa tukuna. Ta biyu, wadda ta fito daga Jamus ko Faransa, ko ta ƙetaro daga Togo ko Kwaddibuwa, tana rubuta 10,5 maimakon 10.5, wasu manhajoji kuma su kwashi waƙafin su zuba a fayil. Gyara alamar a saitin yanki na Windows. Kayan da suka fito daga Amurka kuma a duba ɗan makunnin 110 da 220 a jikin akwatin wuta kafin a jona su da 230 ɗinmu.

Fusion na iya aiki ba intanet na kusan mako biyu, bayan haka sai ta nemi a shiga. Kada a bar wannan sai ranar jarrabawa. Inda intanet ba ta da tabbas, FreeCAD kyauta ce, ba ta neman shiga, kuma tun fitowar 1.0 a Nuwamban 2024 sashenta na CAM ya isa koyar da rami da gefe da huda. Manhajar sata kuwa, ban da haramcinta, ita ce babbar ƙofar ƙwayar cuta a ɗakin aiki.

Filasha ɗaya ce ta inji, ƙarama, an tsara ta a FAT32, domin na'urorin hannu irin RichAuto ba sa son manya. Sunan fayil gajere, ba tazara, ba baƙaƙe masu ƙugiya. Kwafe fayil zuwa cikin kwamfuta ko ƙwaƙwalwar na'urar kafin a fara, kada a yanka daga filasha kai tsaye. Idan fayiloli sun koma gajerun hanyoyi, ƙwayar cuta ce ta ɓoye su, ba ta share ba. Bayan an wanke filashar, attrib -h -r -s /s /d E:\*.* zai fito da su, a sa harafin filashar a madadin E.

Ɗalibai su shiga da asusun da ba shi da ikon girka komai. Ranar da komai ke aiki daidai, ɗauki hoton faifan gaba ɗaya da Clonezilla, kwafe saitin GRBL da umarnin $$ ya nuna, kwafe fayil ɗin XML na Mach3 da ma'ajiyar wuƙaƙe, ka buga saitin a takarda ka liƙa cikin ƙofar akwatin kwanturola.

Idan wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki

Dumsor, watau yawan ɗaukewar wuta, ba baƙo ba ne, don haka a shirya masa tun kafin a fara. UPS ya riƙe kwamfuta da kwanturola, ban da sifindil, domin ya fi ƙarfinsa. Da zarar wuta ta tafi a danna tsayawa, a ɗaga Z, a rubuta lambar layi. A riƙa ɗaukar sifili da G54 bayan an mayar da inji gida, domin GRBL na ajiye shi ko an kashe wuta, G92 kuwa yana tafiya da wutar. A rubuta lambobin X da Y da Z na inji a littafin aji kafin kowane aiki.

In wuta ta dawo, jira ta zauna. Sassauta kolet ka ɗaga kai da hannu idan wuƙa ta maƙale a kaya, kada ka kwance aikin daga tebur. Yi $H, je X0 Y0 a sama ka ga ko ya faɗa kan alamarka, sake ɗaukar Z tunda an taɓa wuƙa. Kada ka fara daga layin da aka tsaya kai tsaye, domin umarnin G21 da G90 da tashin sifindil da F duk suna can sama, inji kuma zai miƙe zuwa wurin ta cikin kaya. Koma baya zuwa layin ƙarshe da wuƙa ta ɗaga sama, bar kan fayil ɗin yadda yake, share abin da ke tsakani a kwafi, ka duba shi a CAMotics. Sannan rage saurin tafiya zuwa kashi 25 cikin 100, ɗalibi ɗaya na kallon wuƙa, hannunsa na kan jan maɓalli, har ta koma cikin tsohon sawunta.